Jinin da ake nema da tsakar dare

"Ku je ku nemo mutum biyu da za su ba da jini." Duk wanda ya taɓa yin jinya a Zamfara, a Gusau ne ko Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara, ya san wannan magana. Yawanci da dare ake faɗinta, ga mace kwance tana zubar da jini bayan haihuwa, ko yaro ya yi fari fat saboda zazzaɓin cizon sauro, ko an kawo wanda 'yan bindiga suka harba a hanya. Daga nan mai jinya ya shiga buga waya. Ƙane yana Legas, wa yana ƙauye ba hanyar fitowa da dare, surukin da ya samu zuwa an gwada an ce jininsa bai kai ba. Can sai wani ya matso daga gindin bishiya ya ce, "Alhaji, in jini kuke nema akwai yaro, sai dai a ba shi na abinci." A shiga da yaron ɗakin gwaji a ce ƙanen miji ne. Ma'aikacin ya san ba ƙanen kowa ba ne, wataƙila ma bai daɗe da ɗibar jininsa ba, amma ga rai na shirin fita, wa zai tsaya tambayar dangantaka?

A ganina wannan tsari na neman jini sai buƙata ta taso shi ne babban haɗarin da ke cikin ƙarin jini a jiharmu, ya fi rashin na'ura, ya fi ƙarancin ma'aikata. Kuma duk binciken da likitoci suka yi a kan tsabtar jini cikin shekarun nan, in mutum ya bi shi a hankali, nan yake nunawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ƙara wa kowa jini sai an gwada shi a kan cuta huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da tunjere. Asibitocinmu suna yin wannan gwaji, ba na musu ƙazafi. Abin da yawancin masu jinya ba su sani ba shi ne, gwajin yana da makanta a farkon kamuwa. Idan ƙwayar ƙanjamau ta shiga jikin mutum yau, tsinken gwajin nan da ake ɗiga wa jini a jira minti goma sha biyar ba ƙwayar yake nema ba, martanin da jiki ya yi mata yake nema, kuma jiki yakan ɗauki makonni kafin ya yi martanin, wani har kwana 90. Na'urar ɗakin gwaji mai neman ɓangaren ƙwayar da martanin jiki tare takan gano ta tsakanin kwana 18 zuwa 45. Wadda ta fi su duka, mai neman ƙwayar halittar cutar kanta, tana iya gano ta daga kwana 10 zuwa 33. A tsakanin nan jinin mutum yana ɗauke da cuta, tsinke kuma yana cewa lafiya lau.

Wace kariya ta rage ke nan a waɗannan kwanaki? Gaskiyar mai ba da jinin. Shi ya sa ake tambayarsa: ka yi rashin lafiya kwanan nan? Yaushe ka ba da jini na ƙarshe? An taɓa ce maka kana da ciwon hanta? Ka kusanci wadda ba ka san lafiyarta ba? Wanda ya zo don Allah, ba wanda ya matsa masa, babu abin da zai rasa in ya faɗi gaskiya aka ce ya koma gida. Wanda aka yi ciniki da shi a bakin ƙofa kuwa, gaskiya za ta raba shi da abincin kwana biyu. Ɗan'uwa na jini ma bai tsira ba. Mijin da ya san inda ya je watan jiya ba zai faɗa ba alhali surukarsa na tsaye bakin taga tana jiran a ce an samu.

Ingila ta ɗanɗana wannan da ɗaci. A ranar 20 ga Mayun 2024 kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Brian Langstaff ya fitar da rahotonsa: mutum sama da 30,000 ne suka kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunan da aka sarrafa daga jini, daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990, kimanin 3,000 sun mutu. Firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri. Da yawansu sun kamu ne kafin a fara gwajin ciwon hanta nau'in C, wanda sai a 1989 aka gano ƙwayarsa. Amma masu cutar rashin daskarewar jini da ƙanjamau ta kama, mutum kusan 1,250 har da yara 380, wani ɓangare na maganin da aka yi musu allurarsa daga Amurka aka shigo da shi, inda ake sayen jini a hannun fursunoni da masu shan ƙwaya ta allura. Ƙasa mai kuɗi da likitoci ke nan. Sayen jini bai bar ta ba.

Mu namu haɗarin ya fi yawa a hanta. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manyan 'yan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ƙanjamau kuwa kashi 1.4. Wato a sahun mutum goma sha biyu, kusan ɗaya yana ɗauke da ciwon hantar. Akasarinsu ba su yi wani abin kunya ba. Daga uwa suka samu wurin haihuwa, ko a ƙuruciya, ko ta askar da ta bi kan yara da yawa wurin aski da kaciya da cire belu ba a dafa ta ba. Ba su jin komai a jikinsu, suna noma suna dako, har sai hanta ta fara lalacewa bayan shekaru. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda ba ya cikin cuta huɗun nan amma yana bin jini. A Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi a Gana an gwada wata dabara ta zuba bitamin B2 cikin ledar jini a haska ta da wani irin haske mai kashe ƙwayoyin cuta. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna a cikin waɗanda aka ƙara wa jini mai ƙwayar zazzaɓin, masu kamuwa sun ragu daga kashi 22 zuwa kashi 4.

Wani zai ce to a sayo mana irin waɗannan na'urori mana. Afirka ta Kudu tun 2005 take gwada kowace ledar jini da na'urar nan mai neman ƙwayar halittar cuta, me ya hana mu? Kuɗi na daga ciki, amma ko yau wani attajiri ya sayo ta ya dasa a Gusau, ba za ta taimaki matar da ke zubar da jini a Shinkafi da ƙarfe biyun dare ba. Irin wannan gwaji a babban ɗakin gwaji guda ake yin sa, a tattaro samfura da yawa, a ɗauki sa'o'i. Jinin da aka ɗiba da rana tsaka, babu wanda ke jiransa, shi ne ake iya aikawa a yi masa gwaji na tsanaki, a tantance rukuninsa, a lika masa takarda, a sa a firji. Wanda aka ɗiba mace na suma, tsinke kaɗai zai gani, daga hannun mai bayarwa sai hannun majinyaciya da ɗuminsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ci gaban da kimiyya ta samu wajen tsabtace jini an gina shi ne a kan cewa akwai jinin ajiya, mu kuwa ajiyar ce ba mu da ita.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da jini, a 2021 kuma aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa. Addini ya riga doka: hadisin Abu Juhaifa a cikin Bukhari ya zo da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin kuɗin jini. Amma ni ba na cikin masu cewa a tura 'yan sanda su kwashe yaran da ke zama bakin asibiti. Yunwa ce ta kai su, da yawansu 'yan dako ne da 'yan ga-ruwa da waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu. Kuma in aka kore su gobe ba tare da an cike gurbinsu ba, matan da za su mutu a makon farko sun fi waɗanda cuta za ta kama a shekara. Su ma ana cutar su: wanda ya kamata ya huta wata uku tsakanin bayarwa da bayarwa, ana ɗibarsa duk sanda ciniki ya faɗa, har jinin nasa ya tsinke, mai saye ya biya kuɗin leda cikakkiya ya samu rabin amfani. Hanyar kashe wannan kasuwa ita ce firji ya cika, mai jinya ya daina buƙatar ɗan tsakiya.

Cika firjin bai kai girman da muke zato ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne leda 10 a shekara ga kowane mutum 1,000 tana biyan buƙata ta farko. Mu ɗauka mu miliyan 5 ne a Zamfara, leda 50,000 ke nan. Namiji mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 zuwa sama, yana iya bayarwa duk bayan wata uku. In kowa ya bayar sau uku a shekara, mutum ƙasa da 17,000 sun wadatar. A raba wa ƙananan hukumomi 14, kowace ba ta kai mutum 1,200 ba. Masallacin Juma'a guda a Gusau yana tara fiye da haka. Ga 'yan agajin Izala da na Jama'atu da na Fityanu, mutane masu horo da tsari waɗanda ke tsayuwa a rana don Allah. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, da Kwalejin Ilimi ta Maru. Ga direbobin tasha da 'yan kabu-kabu, waɗanda su ne suka fi kowa kwanciya a ɗakin haɗari. Mutane muna da su. Abin da babu shi ne rajista mai suna da lambar waya da rukunin jini, da ma'aikacin da aikinsa ke nan ya kira mutum bayan wata uku ya ce, "Malam, lokaci ya yi, Allah ya saka da alheri."

Na san abin da ke hana mutane, kuma ba duka ne jahilci ba. Batun cewa ba da jini yana rage ƙarfin namiji, wannan kam ba shi da tushe. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba daga kimanin lita biyar da ke jikin babba, ruwansa ya dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa cikin 'yan makonni. Mutumin da ke zama gaban wanzami a yi masa ƙaho a zubar da jinin a ƙasa bai kamata ya ji tsoron leda ba. Masu tambayar ko jinin mace in ya shiga jikin yaro ya zama kamar shayarwa, malamai sun daɗe da amsa cewa ƙarin jini ba ya haramta aure. Amma akwai ƙorafi ɗaya da nake ganin yana da gaskiya: "Na bayar kyauta, su kuma su sayar." Mutum ya ba da jini sadaka, bayan wata biyu matarsa na naƙuda a ce ya biya kuɗin leda. Ma'aikata za su ce kuɗin ledar roba ne da kayan gwaji da man janareto, ba kuɗin jini ba, kuma haka ne. Sai dai talaka ba ya ganin bambanci, kuma ba shi da laifi, tunda ba a rubuta farashin a bango ba, ba a ba shi rasit ba, kuma farashin dare daban da na rana. Duk gwamnatin da ke son mutane su fito, sai ta ɗauki nauyin wannan kuɗi ga masu haihuwa da yara ƙanana da masu sikila, ta ba mai bayarwa a kai a kai kati wanda in iyalinsa sun buƙaci jini ba za a ce ya nemo kowa ba. Jihar da ke da hukumar zakka da waƙafi ba ta rasa inda za ta fara. Ban ga abin da ya fi cancantar waƙafi ba kamar firji mai sola da kuɗin gwajin jinin matar da mijinta ba shi da ko sisi.

Akwai kuma ɓangaren binciken da ya fi burge ni, wanda labarinsa ba ya yawo a waya. Abin da ke yawo shi ne cewa a 2022 masana a Ingila sun ƙara wa mutane jinin da aka raina a ɗakin gwaji. Gaskiya ne, amma abin da aka sa wa kowannensu bai wuce cokalin shayi biyu ba, gwaji ne na farko. Haka maganin sikila na gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Allah ya kai mu. Binciken da zai amfane mu bana shi ne wanda ke rage yawan masu buƙatar jinin tun farko, kuma abin alfahari, da hannun 'yan Arewa a ciki.

A 2017 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a kan mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, Najeriya na cikin na gaba-gaba. Ya nuna allurar tranexamic acid, tsohon magani mai araha da ke hana gudan jini narkewa, in aka yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. In an makara, amfanin ya tafi. To matsalar ita ce ana makara, saboda ido ba ya iya auna jini. Unguwarzoma ta dubi zane ta ce "bai yi yawa ba," alhali rabin lita ta wuce. Nan binciken 2023 ya shigo, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. A asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000, aka riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da layukan awo, jini na taruwa ana ganin inda ya kai. Da ya kai layi, sai a yi duk matakan a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya: murza mahaifa, allurar tsuke ta, tranexamic acid, ƙarin ruwa, duba inda ya yage. Zubar jini mai tsanani ta ragu da kashi 60 cikin ɗari. Leda ce fa da horo. A ƙasar da ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wurin haihuwa a duniya, bai kamata a samu ɗakin haihuwa ko ɗaya daga Gummi zuwa Tsafe da babu wannan leda ba.

Haka a sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. A Amurka, yaron da na'urar duba jijiyoyin kai ta nuna yana gab da shanyewar ɓarin jiki, ƙarin jini ake yi masa kusan kowane wata. Mu ina muka ga wannan jinin? Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu suka gwada ƙwayar hydroxyurea a madadinsa, sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na ƙwayar yana ba yaran kariya mai kyau. Kowane yaron da aka ɗora a kanta ledoji ne da yawa aka bar wa wani. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina shi ma haka ne. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin jinin da ake ƙarawa yara ƙanana ne ke shan sa, kuma kowane ma'aikacin ɗakin yara ya san daga Agusta zuwa Oktoba gadaje ke cika, daidai lokacin da ɗalibai ke hutu, manoma na gona. Taron ba da jini a Yuli ya kamata a yi shi, ba sai ranar 14 ga Yuni kaɗai ba da ake bikin masu ba da jini na duniya a ɗauki hoto a watse.

Wuta da hanya kuwa, ba sai na daɗe a kansu ba. Jini yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 6, in ya samu ya kai kwana 35, in wuta ta ɗauke firji ya huce sai zubarwa. Sola ta warware wannan a yau. Hanya ce mai wuya: wanda ya san abin da ke tsakanin Gusau da Ɗansadau ya san ba a aika mota da leda ɗaya da magariba. Ruwanda ta fara kai jini da jirgi marar matuƙi a 2016, Kaduna ta kawo kamfanin Zipline mai irin wannan jirgi a 2022. In akwai jihar da wannan ya dace da ita, tamu ce. Amma jirgin ba ya ƙirƙiro jini, abin da ke cikin firji yake ɗauka.

Saura wani abu da ake yi wanda in ba a daina ba, duk kiran da za a yi mutane ba za su amsa ba. Mutum ya zo ba da jini, gwaji ya nuna ciwon hanta, sai a leƙo a ce masa, "Jininka bai yi ba, a kawo wani." Shi ke nan. Ya koma gida bai san me aka gani ba, ko kuma ya ji a bakin wani a baranda. Wannan mutum yana da mata, wataƙila da ciki. In an zaunar da shi a sirrance aka yi masa bayani, za a gwada matarsa da 'ya'yansa, a yi wa waɗanda ba su kamu ba rigakafi, jaririn da za a haifa a yi masa allurar farko cikin awa 24, shi kuma a duba hantarsa a ga ko yana buƙatar ƙwayar tenofovir, wadda ke danne cutar shekara da shekaru. Nau'in C ma yanzu ana warkewa da ƙwayoyi cikin mako 12. Duk wurin da za a kafa tebur a ce jama'a su zo su ba da jini, a fara tanadar ɗaki mai ƙofa da ma'aikacin da zai zauna da wanda aka mayar, a ba shi takardar zuwa ganin likita, kuma gwajin iyalinsa ya zama kyauta.